Mai Duba Hankalin Yara, da Yaran Kasuwar Singa

Malaman Usulu sun lissafa abubuwa biyar waɗanda Shari'a ta zo domin kiyaye su, watau addini da rai da hankali da nasaba da dukiya, kuma duk wanda ya dubi yadda mutanen Kano suka tsara zamansu zai tarar huɗu daga ciki kowanne yana da ma'abotansa da aka san su da shi, ana zuwa ƙofarsu da rana tsaka ba tare da jin kunya ba: addini yana da malamai, rai yana da likita da ungozoma da maɗori, nasaba tana da waliyyai da alƙali, dukiya kuwa, ai ba a magana, tana da masu gadi da 'yan sanda da ƙungiyoyin kasuwa. Amma hankali, musamman hankalin yaron da bai balaga ba, ko wanda ya balaga jiya-jiya, shi ne aka bari ba shi da takamaiman mai kula, sai ranar da ya ɓaci ƙwarai, sa'an nan a ɗaure mai shi a nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da shi.

Alhali kuwa akwai fannin ilimi da aka keɓe domin wannan al'amari, akwai kuma mutanen da ke ƙare ƙuruciyarsu wajen koyonsa, su ne masana halayyar ɗan Adam na asibiti waɗanda suka ƙware a kan yara da matasa. Ya kamata tun da fari a raba su da wasu mutum biyu da ake yawan gama su da su. Na farko shi ne likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya yi karatun likita na shekara 6, ya ƙara da horon ƙwarewa na wasu shekaru, yake da ikon rubuta magani da kwantar da majinyaci. Na biyu shi ne malamin ba da shawara na makaranta, irin wanda ake yayewa a Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Bayero, wanda mafi yawan aikinsa shiryar da ɗalibi ne wajen karatu da zaɓen sana'a. Wanda muke zance a kansa yana tsakanin waɗannan biyu: ba ya rubuta ƙwaya, ba ya yin allura, kayan aikinsa su ne tambaya da saurare da lura da awo, maganinsa kuwa magana ce da wasa da sauya yadda manya ke mu'amala da yaro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa rabin cututtukan da ke taɓa hankali suna somawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14, kuma ɗaya daga cikin kowane 7 na masu shekara 10 zuwa 19 yana ɗauke da wani abu daga cikinsu. Wanda yake so ya ga inda wannan lissafi ya sauka a ƙasarmu ba sai ya je asibiti ba, ya isa ya tsaya a Kasuwar Singa, nan tsakanin Fagge da Sabon Gari, da hantsi, sa'ad da manyan motoci ke sauke buhunan sukari da fulawa da katan-katan na taliya da sabulu da madara, masu sari daga Katsina da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram suna ciniki, ya kawar da ido daga alhazai ya dubi waɗanda ke ɗauke da kasuwar a kafaɗunsu. Zai ga yaron shago da ke ƙirga katan, da ɗan baro da ke ratsa cunkoso yana ihun a ba shi hanya, da almajirin da ke share ƙofar shago domin a ba shi na koko, da yarinyar da ke tallan shinkafa da wake tana ratsa tsakanin maza baligai har la'asar. Yawancinsu lafiya ƙalau suke, wasunsu ma sun fi 'ya'yan masu hali kaifin basira da juriya, kuma ba ni daga cikin masu ganin duk yaron da ke aiki abin tausayi ne, domin attajiran Kano da yawa daga nan suka faro. Sai dai a cikinsu akwai wanda ba ya barci, akwai wanda ke firgita in taya ta fashe, akwai wanda aka ce daƙiƙi ne alhali kurma ne tun da ya yi sanƙarau, akwai wanda ya soma shaƙar sholisho, kuma babu ɗayansu da zai taɓa jin cewa an yi wani mutum a duniya wanda aikinsa ke nan.

Hanyar da ɗalibi zai bi kafin ya zama wannan mutum doguwa ce. Bayan sakandare zai rubuta jarrabawar JAMB ya nemi sashen nazarin halayyar ɗan Adam, wanda aka fara buɗe irinsa a Nijeriya a Jami'ar Nsukka cikin 1964, daga baya Legas da Ibadan da Jos suka biyo, lamarin da ya sa ɗan Arewa da ya so fannin, shekaru da yawa, sai ya yi ƙaura daga garinsu. Shekara 4 zai yi yana karanta yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, da yadda yaro ke girma daga goyo zuwa balaga, da yadda ake koyo da mantuwa, da kuma lissafin ƙididdiga, wanda shi ne ke kayar da da yawa daga cikin waɗanda suka shigo da zaton fannin hira ne kawai. Wannan digiri na farko ba ya halatta masa taɓa majinyaci. Sai ya yi bautar ƙasa, ya koma digiri na biyu a ɓangaren asibiti, na kimanin shekara 2, inda zai koyi ganewar cuta da awon hankali da hanyoyin magani, sa'an nan ya zauna a asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko na Aro a Abekuta, yana ganin majinyata a ƙarƙashin wani babba da ke duba aikinsa yana gyara masa. Wannan zama gaban babba shi ne ruhin karatun, kuma ɗan Kano ba baƙo ba ne gare shi, tun da a zaurukanmu ma ba a ba da ijaza don an haddace littafi, sai malami ya ji ɗalibi ya biya ya kuma gamsu da fahimtarsa.

Duk wannan bai sa ya zama masanin yara ba tukuna, domin mafi yawan waɗanda zai gani a waɗancan asibitoci manya ne. Ƙwarewa a kan yara wani mataki ne na daban, kuma wurin da aka fi sani da shi a ƙasar nan shi ne cibiyar lafiyar hankalin yara da matasa ta Jami'ar Ibadan, wadda Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafawa da tallafin Gidauniyar MacArthur, ta soma ɗaukar ɗaliban digiri na biyu a 2013, tana haɗa likitoci da ma'aikatan jinya da masana halayya daga ƙasashen Afirka da dama a aji ɗaya. In aka tara shekarun, wanda ya shiga jami'a yana ɗan 18, in Allah ya tsare shi daga yajin aikin malamai, zai kusa 30 kafin a ce ya iya. A Ingila ana yin digirin dakta na shekara 3 ne bayan na farko, kuma hukumar lafiya ta ƙasar ce ke biyan ɗalibi albashi yana karatun. A nan mahaifinsa ne ke biya, ko shi da kansa.

Asalin sana'ar a zamanin nan daga yaro ya faro. A 1896 wata malamar makaranta a Filadelfiya ta ƙasar Amurka ta kai wa masanin halayya Lightner Witmer labarin wani ɗalibinta da ya kasa haɗa baƙaƙen rubutu, shi kuwa maimakon ya yanke hukuncin cewa yaron malalaci ne sai ya zauna ya bincika, daga nan ya buɗe ɗakin duba irin waɗannan yara na farko a Jami'ar Pennsylvania. Amma kada wannan ya sa a ɗauka kallon damuwar zuciya a matsayin cuta mai magani bidi'ar Turawa ce. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya yi babi-babi a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, har ya rarrabe baƙin cikin da aka san sababinsa da wanda ke sauko wa mutum babu dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki. A zamaninmu kuma Malik Badri, mutumin Sudan, ya wallafa littafi a 1979 yana gargaɗin masana Musulmi kada su haɗiye duk abin da masanan Turai irin su Freud suka faɗa ba tare da tacewa ba, kada kuma su watsar da abin da gwaji ya tabbatar. Ɗalibin Kano da ya san waɗannan biyu zai iya tsayawa gaban mahaifinsa ya kare karatunsa.

Inda wuyar take shi ne kayan awo. Ma'aunin basirar yara da aka fi amfani da shi a duniya, wanda David Wechsler ya fitar a 1949 ake ta sabunta shi har yau, an gwada shi ne a kan yaran Amurka, da harshensu, da irin abin da suka saba gani a gidajensu, kuma wasu sassansa da agogo ake yin su, a ba yaro fensir ko 'yan katakai masu launi a ce ya yi sauri. To, a kawo yaron da ya yi shekara 5 yana rubuta allo da tawada da alƙalamin kara, daga dama zuwa hagu, wanda aka hore shi da cewa gaggawar amsa wa babba rashin ladabi ne, kallon idonsa kuma fitsara, a zaunar da shi gaban baƙo mai agogo. Sakamakon zai nuna mai raunin hankali, alhali wannan yaron ne zai gaya maka kuɗin katan 37 da ragin da aka yi wa mai sari kafin ubangidansa ya gama latsa kalkuleta. Wanda ya auna hatsi da mudun wani gari ya san ba hatsin ne ya ragu ba. Akwai ma'aunai marasa kalmomi, kamar zanen Raven na 1938, suna rage matsalar amma ba su kawar da ita, domin saba wa takarda da zane shi ma koyo ne. Saboda haka masanin kirki a Kano yana ɗaukar lambar da ma'auni ya ba shi a matsayin shaida ɗaya daga cikin shaidu, kuma babban aikin da ke jiran jami'o'inmu, wanda ya fi yawan taruka amfani, shi ne a gwada waɗannan ma'aunai a kan dubban yaran Hausawa, 'yan boko da 'yan allo, na birni da na ƙauye, har a san matsakaicinmu.

Bari mu kusanci aikin mu gani. Alal misali uwa ta kawo ɗanta mai shekara 9 wanda ke fitsarin kwance, an yi duka, an yi gori gaban ƙannensa, an ɗora masa tabarmar a ka, abin bai daina ba. Masanin ba zai soma da yaron ba. Zai ce, "Hajiya, a ba ni labarinsa tun daga cikinsa," ya tambayi yadda naƙuda ta kasance, ko ya yi kuka da aka haife shi, ko ya yi shawara idonsa ya yi ɗorawa, yaushe ya zauna, yaushe ya yi tafiya, yaushe ya yi magana, ko zazzaɓi ya taɓa sa shi jijjiga, ko akwai wanda ya yi irin wannan a dangin uwa ko na uba, domin abin yana bin jini. Zai tambaya ko dama bai taɓa dainawa ba ne, ko kuwa ya daina ya dawo, in ya dawo me ya faru a gidan a wannan lokaci: haihuwa, ko kishiya, ko saki, ko mutuwa. Zai tura su a gwada fitsari da jini, saboda ciwon sukari da amosanin jini da ciwon mafitsara duk suna kawo haka. Sa'an nan ya nemi uwar ta ɗan fita, ya ba yaron takarda ya ce ya zana mutanen gidansu, ya lura da wanda aka fara zanawa da wanda aka manta, ba don zanen hujja ba ne, sai don yaro ya fi sakin baki in hannunsa na aiki. Abin da zai ba su a ƙarshe yana iya zama abin raini ga mai jiran allura: a daina duka da gori ɗungum, a rage shan ruwa bayan magariba, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a sami takarda a riƙa yin alama duk daren da ya tashi a bushe a yaba masa, a dawo bayan mako 2. Sau da yawa uwar za ta ce, "Likita, shi ke nan, ba magani?" Iya amsa wannan tambaya ba tare da ta tafi ba ta dawo ba, shi ne abin da ba a koyarwa a aji.

Amma wannan yaro mai gata ne, yana da uwar da ta kawo shi. Dukan ginin fannin, kamar yadda aka tsara shi a ƙasashen da ya taso, ya ɗoru ne a kan cewa yaro yana da mahaifi a gida da malami a makaranta. Takardar tambayoyi 25 da Robert Goodman ya tsara a 1997, wadda ake amfani da ita ko'ina domin tantance halin yara, tana da kwafin iyaye da kwafin malamin aji. Yaron Singa fa, wa zai cike masa? Mahaifiyarsa tana wani ƙauye a Jigawa ko a ƙasar Damagaram, tana ganinsa da salla ko da damina. Wanda ya san ko yana cin abinci, ko ya rame, ko ya soma ɓata lissafi, shi ne ubangidansa, wanda ya san yadda yake kwana kuwa shi ne alaramma ko gardin da ke kula da su, ko abokan kwanansa a rumfa. A ganina nan ne masanin Kano zai rabu da littafinsa. In ya zauna a ofis a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana jiran a kawo masa yara, zai ga 'ya'yan ma'aikata da na 'yan kasuwar da suka yi boko, kuma su ma suna da haƙƙi, amma ɗan baro ba zai zo ba har abada, domin yinin da ya yi a layin kati yinin da bai ci ba ne. Dole ya koyi zama da Alhaji a ƙofar shago, ya san cewa mutumin da ya riƙe yaro shekara 7 da niyyar ya sallame shi da jari ba maƙiyinsa ba ne, ko da yana zaginsa, kuma in aka fahimtar da shi cewa yaron da ke tsayawa cak ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu ba raini yake yi ba, wata irin farfaɗiya ce mai magani, shi ne zai fara biyan kuɗin mota. Likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya yi makamancin wannan a Aro tun 1954, da ya zaunar da majinyata a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu maimakon kulle su, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya.

Haka kuma lamarin malamai. Kusan duk yaron da zai iso gaban masani ya riga ya sha rubutu, an yi masa tofi ko ruƙiyya, wani an ce iska ce, wani an ce sammu, wani kambun baka. Masanin da ya buɗe baki da ƙaryata wannan ya rasa iyalin tun a zaman farko, kuma bai ma yi adalci ba, domin addu'a ba ta hana magani, kuma natsuwar da uwa ke samu daga gare ta tana sauka a kan ɗanta. Iyakar da zai tsaya a kai ba ya ja da baya ita ce cutarwa: duka da sunan fitar da aljani, da turara wa mai farfaɗiya hayaƙi har ya shaƙe, da hana shan maganin asibiti, da sa mari. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda suka fito da mutum sama da 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa, ya girgiza mutane, amma wanda ya yi tunani zai ga cewa iyayen da suka kai 'ya'yansu can da kuɗinsu suka kai, don sun rasa inda za su kai kangararren yaro. An rufe gidajen mari da dama a Arewa bayan wannan. Ba a buɗe abin da zai maye gurbinsu daidai da yawan buƙata ba. Haka aka hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018, bayan binciken BBC da ya nuna halin da matasan Kano ke ciki, amma hana kwalba bai taɓa dalilin da ya sa yaro ɗan 15 ke neman abin da zai kashe masa tunani ba, ko gajiyar dako ce, ko kewar gida, ko abin da wani babba ya yi masa a ɓoye wanda ba shi da bakin faɗa. Yankin nan kuma ya ga abin firgita da idonsa: harin bama-bamai na 20 ga Janairu 2012, da bam ɗin tashar mota ta Sabon Gari a Maris 2013, da gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016. An ƙirga gawarwaki da shaguna, yaran da suka gani kuwa yanzu magidanta ne.

Game da abin da sana'ar ke ba mai ita, gaskiya ba ta da yawa. Guraben aiki suna asibitocin koyarwa da na ƙwaƙwalwa, da jami'o'i, da ƙungiyoyin agaji waɗanda rikicin Arewa maso Gabas ya jawo, da 'yan makarantun kuɗi da suka soma karɓar yara masu galahanga. Ya kamata a ce akwai su a asibitin yara na Hasiya Bayero, da makarantar Tudun Maliki, da gidan yara na Goron Dutse, da makarantar gyaran hali ta Kiru, kowanne da nasa na dindindin. Likitocin ƙwaƙwalwa ma, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, ƙungiyarsu ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba, kuma ƙasashen waje suna ta janye su, su da masana halayyar. Saurayin da ya yi shekara 10 yana wannan karatu zai dawo ya tarar sa'ansa da ya shiga Singa yana yaron shago ya riga ya yi gida da mota ya sauke farali, kuma dangi ba za su rasa tuna masa ba. Mata masana kuwa sun fi samun sauƙin shiga gidaje da jin sirrin 'yan mata, don haka ƙarancinsu a fannin ya fi na maza ciwo.

Doka ta ɗan motsa. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, a shekarar kuma Jihar Kano ta yi dokarta ta kare yara. Sai dai akwai mas'alar da masani zai ci karo da ita ranar da ya fara aiki da yaran kasuwa, wadda sai an haɗa shi da malaman fiƙihu da alƙalai kafin a warware ta. Ƙa'idar sana'arsa ta ce ba a duba yaro sai da izinin waliyyinsa, kuma abin da yaro ya faɗa amana ne, ba a fitar da shi sai in akwai haɗari ga ransa ko ga wani. To, ga yaro ɗan 14, ubansa yana nisan kwana guda a mota, ubangidansa ne ya kawo shi ya biya kuɗin, yana tsaye a waje yana jiran a gaya masa abin da aka ji, abin da yaron ya faɗa kuwa shi ne cewa yana ɗibar kuɗin aljihun tebur yana aika wa uwarsa, ko kuwa cewa babban yaron shagon ne ke cutar da shi da dare. In an faɗa, an kore shi ya rasa sallamar da ya yi shekaru yana jira; in an yi shiru a na biyun, an bar shi a hannun mai cutar da shi. Ana buƙatar a fayyace wa ke da wilaya a kan irin wannan yaro sa'ad da uba ba ya nan, da wace hukuma za a kai wa ƙara, da inda zai kwana a daren da aka kai ta.